Iskar da ta taɓa ni a ɗakin jego

An haife ni a shekarar 1989 a wani ƙauye da ke bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Duk lokacin da na tuna gidanmu, hancina ne ke fara tunawa kafin idona: ƙanshin shanshera a kan wuta, ƙaurin kifin banda, da ɗacin hayaƙin ɗanyen icce. Babanmu masunci ne, kifin da bai samu shiga kasuwa ba sai a banda shi a bayan ɗaki. Innarmu kuwa sana'arta turara shinkafa. Ta jiƙa shanshera ta kwana, da asuba ta zuba a rabin duro, ta hura wuta da duk abin da hannunta ya kai gare shi, icce ne, kara ne, ɓuntun shinkafa ne, har busasshen kashin shanu idan damina ta yi tsanani.

Madafarmu wani ɗan ɗakin ƙasa ne, ƙofa ɗaya, babu taga ko ta leƙen kaza. Rufinsa baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga jikin azara. Ba mu taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba, har yabawa ake yi, wai gara ba ta cin azarar da ta sha hayaƙi. A cikin ɗakin nan na koyi tuƙa tuwo, a cikinsa na goyi ƙannena uku. Inna ta durƙusa tana hura wuta da baki, ta ɗago idonta jajir yana zubar da ruwa, ta share da bakin zane ta ci gaba. Ban taɓa ganin idon Inna fari ba. Na ɗauka haka Allah ya halicce ta.

Tarin ya fara mata tun ina budurwa. Da farko na asuba ne kawai, ta yi ta yi har ta tofar, shi ke nan. Lokacin da aka yi mini aure aka kawo ni Birnin Kebbi a 2011, ya zama na dare da rana. Bayan shekara biyu ba ta iya zuwa rijiya sai ta huta a hanya, tana dafe da ƙirji, numfashinta na fito kamar ana busa kara. Sau biyu ana gwada majinarta, aka ce ba tarin fuka ba ne. Wani likita ya dubi hoton ƙirjinta ya tambayi Baba, "Tana shan taba ne?" Baba ya miƙe tsaye don ɓacin rai. Matar da ko goro ba ta ci sosai! Muka fito muna ta mita a hanya, muna cewa likitocin zamani ba su da ladabi. Aka ba ta abin shaƙa da ƙwayoyi, ta koma gida, ta koma madafa.

A ƙarshen 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi, shinkafa ta yi albarka, matan ƙauyenmu kowa ta ƙara duro. Inna ba ta da ƙarfin ɗaga kwano a lokacin, amma takan sa a shimfiɗa mata tabarma a bakin madafa tana nuna wa matar yayana yadda ake yi. A hunturun 2016 Allah ya karɓi abinsa. Kwanakinta na ƙarshe a zaune ta yi su, an jingina ta da bango, domin da ta kwanta numfashi sai ya tsaya. Muka ce sanyin fadama ne ya kama ta. Kowa ya yarda, ni ma na yarda.

A watan Janairun 2018 na haifi ɗana na uku, namiji. Da Inna na da rai gida zan tafi wanka, to babu ita, sai uwar mijina, Hajiya, ta tare a gidanmu, ƙanwata kuma ta zo taya ni aiki. Ina so in faɗi wannan tun yanzu: Hajiya ta riƙe ni kamar ɗiyar cikinta. Ita ke tashi tun duhu ta tafasa ruwan wanka da ganyen dogon yaro, ita ke dama kunun kanwa, ita ke gasa mini nama. Duk abin da ya faru, ƙauna ce ta jawo shi.

Sanyin shekarar nan ya yi ƙarfi, hazo ya rufe gari har ba ka ganin ƙarshen layi. Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Tagar ɗakina tun farkon hunturu maigidana ya toshe ta da kwali, Hajiya ta ƙara da tsohon bargo, ƙasan ƙofa kuma aka cusa tsumma. Kwana biyar bayan suna, da daddare, ta shigo da kasko cike da gawayi, bai ma gama ruruwa ba, ta ajiye a ƙarƙashin gado ta gefen ƙafata, ta barbaɗa turaren wuta. Ta ce, "Ɗiyata, mai jego da sanyi ba su haɗuwa. Kada ki bari a buɗe ƙohwag ga sai rana ta hito." A daren kuma babu wutar lantarki, maigidana, wanda tela ne, yana da ɗinkin biki da zai kai da safe, sai ya tayar da ɗan janaretansa a lungun da ke bayan tagata, don tsoron ɓarayi ba ya barin shi a waje.

Abin da na iya tunawa kaɗan ne. Na farka cikin dare kaina kamar ana sara shi da gatari. Na so in tashi, ƙafafuna suka ƙi. Na yi amai a inda nake kwance. Na kira sunan ƙanwata, ina jin muryata kamar daga cikin rijiya, ba ta amsa ba. Jaririn yana gefena, na san lokacin shan nononsa ya wuce, kuma bai yi kuka ba. Abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna yanzu shi ne, ban ji tsoro ba a lokacin. Wani barci mai daɗi ne kawai ke jan ni, ina ce wa kaina bari in ɗan runtsa sannan in duba shi.

Maigidana ya dawo daga sallar asuba ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya ƙara, shiru. Ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Aka fito da mu tsakar gida aka shimfiɗe a kan tabarma, ana yayyafa mana ruwa, ana salati. Ni na fara dawowa, sai ƙanwata, wadda ta tashi tana surutai ba kai ba gindi, ba ta ma gane Hajiya ba. Jaririn ya yi laushi kamar tsumma, sai da hantsi ya fara ɗagawa ya yi wani ɗan kuka siriri. Har yau ban ji sautin da ya kai wannan daɗi ba.

Kafin azahar gida ya cika, kuma an gama yanke hukunci: iska ce. Mai jego jikinta a buɗe yake, ga budurwa a ɗakin tana sambatu, mutum uku a dare ɗaya, me ya rage? Wata maƙwabciya ta ce dama ta daɗe ba ta yarda da tsamiyar bayan gidan ba. Babu wanda ya ce a je asibiti, tunda mun farfaɗo. Aka yi addu'o'i, aka kawo rubutu, wannan ban da ta cewa a kai, addu'a ba ta taɓa cutar da kowa ba. Amma aka kuma kawo ƙullin magani na hayaƙi, aka ce a zuba a garwashi safe da yamma, in lulluɓa da zane in shaƙa, a kuma kara jaririn. Haka muka yi har na yi arba'in. Abin da ya cece mu, a ganina, shi ne tsoro ya hana ni sake kwana da ƙofa a rufe. Na ce in abin ya dawo a samu hanyar shigowa da wuri.

Wata bakwai ina ɗauke da wannan labari a matsayin labarin aljanu. Har ba da shi nake yi a gidan biki.

Da damina ta kankama, a watan Agusta, yaron ya kama mura, kwana uku ta koma zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ya ƙi nono. Wannan karon ban saurari kowa ba, na saɓa shi muka hau mashin. Aka ce limoniya ce, aka sa masa robar iska a hanci, muka kwana shida.

A dare na uku ne wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta zo duba shi. Ta nuna mini yadda ake ƙirga numfashi da agogon waya: yaron da ya wuce wata biyu bai kai shekara ba, in ya kai 50 a minti ɗaya yana kwance lafiya lau, ba a jira gobe, daga shekara ɗaya zuwa biyar kuma 40. Barci ya ƙi zuwa, hira ta yi hira, sai na ce mata, "Sista, yaron nan tun yana kwana goma sha biyu iska ta taɓa shi, tun daga nan ƙirjinsa bai yi ƙwari ba." Na kwashe labarin duka na ba ta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Maman yaro, akwai wuta a ɗakin?" Na ce kasko ne kawai na gawayi. "Taga fa?" Na ce a toshe. "Janareta?" Na yi shiru.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Gaskiyarsu, iska ce ta taɓa ku. Amma ba wadda suke nufi ba." Ta bayyana mini cewa gawayi da janareta, duk abin da ke ci da wuta a inda iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta gargaɗe ka. Idan ta shiga jini, tana kama shi fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagayawa babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa. Ciwon kai, jiri, amai, mutuwar jiki, sambatu, barci. Ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya kamar tana cikin ɗakin a daren. Ta ce wanda aka fitar daga irin wannan ɗaki, ko ya farfaɗo, asibiti ya kamata a kai shi.

Sai ta tambaye ni da me nake girki, kuma ina yaron yake idan ina yi. Na ce da icce, a ɗan lungun da muka rufe da kwano saboda ruwan sama, shi kuma yana bayana a goye, ina zan ajiye shi? Ta ce, "To duk abin da kika shaƙa, tare kuka shaƙa, kuma nasa huhun bai kai tafin hannunki ba." Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa hayaƙin girki na cikin manyan abubuwan da ke jawo wa yara limoniya, kuma matan da suka shekara da shekaru a bakin murhu huhunsu kan lalace kamar na mashaya taba.

Kamar na mashaya taba. Ban ji sauran abin da ta faɗa ba. Na ga Baba ya miƙe tsaye a gaban likitan nan, na ga mu a hanya muna zaginsa. Mutumin tambayar kirki ya yi, rabinta ne kawai bai ƙarasa ba, mu kuma fushi ya hana mu tsayawa mu ji. Bayan ranar nan Inna ta ƙara shekara uku a bakin madafa. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta. Rashin sani ya fi dare duhu, haka ake cewa, amma ba a faɗa maka irin zafin da gari ke yi idan ya waye a makare.

Daga baya ƙanena da ke karatun aikin lafiya ya karanta mini alƙaluman hukumar: a shekarar 2020, mutum kusan miliyan 3.2 ne gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi ajalinsu a duniya, fiye da 237,000 daga ciki yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ni dai miliyan ba ta shiga kaina. Mace ɗaya nake gani a jingine da bango.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, kuma ba kuɗi ne babbar matsalar ba, mutane ne. Ranar da muka dawo na cire kwali da bargon taga, ƙura da gizo-gizo suka zubo. Maigidana bai yi gardama a kan janareta ba, domin shi ya ɓalle ƙofar, ya san abin da ya gani. Ya sayo doguwar waya, ya sa aka yi masa keji na ƙarfe da kwaɗo can bakin ƙofar gida, nesa da kowace taga. Da Hajiya aka sha fama. Ta yaya zan dubi matar da ta wanke ni kwana arba'in in ce kaskonta ne ya kusa kashe jikanta? Ban faɗa ba, kuma har gobe ba zan faɗa da wannan lafazin ba. Da hunturu ya zagayo ta ga babu kasko a ɗaki, ta ce, "Mu haka munka taras, haka munka yi, ga mu nan da ranmu." Na ce, "Hajiya, ɗakunanku na da bunu ne da azara, iska na ratsawa ta ko'ina. Namu siminti ne da silin da ƙofar ƙarfe, kamar tukunya da murfi." Ta yi shiru, ta ce, "Wannan kuma gaskiya ne." Ta fi wata ba ta sakar mini fuska ba. Amma ita ce ta sayo wa yaran rigunan sanyi da safa daga kasuwa, ba tare da ta ce komai ba.

Sauran abubuwan a hankali na riƙa gano su, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na daina kunna wuta da leda ko guntun silifa, abin da kusan kowace mace a layinmu ke yi, alhali baƙin hayaƙinsa ko a maƙogwaro ka san ba alheri ba ne. Muka cire kwano ɗaya daga jikin lungun girki ta sama, hayaƙi ya samu hanyar fita. Icce in na saya sai in faskara shi ƙanana in jera a rana, busasshe ya fi ci, ya fi ƙarancin hayaƙi. Wake in jiƙa tun dare, tukunya in rufe, wutar ba ta daɗewa. Yaro kuwa, in zan ɗora sanwa, na miƙa shi ga yayarsa su koma ƙarƙashin bishiya, ya yi kukansa ya gama. Na shiga adashi wata takwas na sayi ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6. Sati biyu tana ajiye ina tsoron ta, na ɗauka da na taɓa za ta tashi da gidan. Ba zan yi ƙarya ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kilo ɗaya na gas ya zo ya haura naira 1,000, akwai watannin da tukunyar ke zama fanko in koma gawayi. Amma a fili nake hura shi, kuma ba ya ƙetare bakin ƙofar ɗaki ko da an gama girki.

Wanda ya fi yi mini wuya shi ne turaren wuta. Mace ce ni, kuma ɗakin da ba ƙanshi ba ɗaki ba ne. Ban daina ba. Sai dai yanzu da hantsi nake yi, yara suna makaranta, taga da ƙofa a buɗe, in ya kama labule da shimfiɗa in fitar da kaskon. Maganin sauro mai hayaƙi da muke kwana da shi a ƙarƙashin gado, da fiya-fiyar da ake yayyafawa a rufe ɗaki yara na ciki, duk na sallame su, muka koma gidan sauro, muka sa raga a taga. Shara kuma sai na yayyafa ruwa, kayan ɗaki in goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa. Mutanen nan yankin bai kamata a koya mana tsoron ƙura ba. Muna ji a rediyo a 2010 yadda yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai gubar dalma a cikin gidaje, ƙurar na sauka inda suke rarrafe. Tamu ƙurar ba irin waccan ba ce, amma tun daga lokacin na san abin da ke tashi a tsakar gida ba ya tsayawa a tsakar gida.

Yaron yanzu yana firamare. Ƙirjinsa bai zama kamar na 'yan'uwansa ba, in hazo ya sauko yakan yi tari, wani lokaci sai an ba shi abin shaƙa. Amma tun daga wancan Agustan ba mu sake kwana a asibiti ba. Ƙanwata ta fi shekara tana fama da ciwon kai da mantuwa kafin ta dawo daidai, yanzu tana ɗakinta da 'ya'ya biyu. Da ta haihu ni na je na yi mata zaman jego, kuma kasko bai shiga ɗakin ba, ko da dangin mijinta suka yi ta cewa na cika iyayi. A unguwa ma akwai masu kirana "Sista" don tsokana. Ina amsawa.

Bara bayan girbi na je ƙauye. Matar yayana ce ke riƙe da sana'ar Inna, a madafar nan dai, duro biyu, ɗiyarta a goye. Na ji ta yi wani ɗan tari na asuba, sai da cikina ya juya. Na samu yayana a zaure na ce, "Yaya, alfarma nake roƙo, ka fasa mini taga a madafar Inna, biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, can sama kusa da rufi. Duron kuma a fito da shi rumfa." Ya ce bango zai yi rauni. Na ce ni zan biya magini. Ya dube ni ya ce, "Wai har yanzu zancen nan?" Na ce har yanzu.

Washegari magini ya zo da diga. Da ƙasar ta faɗo ta waje, rana ta shigo ɗakin a miƙe kamar sanda, hayaƙin da ya rage daga girkin safe yana murɗawa a cikinta yana neman hanya. Shekara talatin da wani abu ina shiga ɗakin nan, ranar na fara ganin kusurwarsa ta arewa. A can sama, a soke jikin azara, ga wata muciya ta yi baƙi kamar gawayi, an ɗaura mata guntun zane a wuya. Na gane zanen. Matar yayana ta ce ita ba ta taɓa sanin tana wurin ba. Na sa aka ɗauko mini turmi na taka, na zaro ta, kunkunniya na zubo mini a fuska, na naɗe ta a mayafina na taho da ita Birnin Kebbi.